Sobiyar Khala Barakatu da Kwalaben Jamus

Duk wanda ya taɓa yin azumi a unguwar Ammariyya ta Jidda ya san shuɗiyar ƙofar nan ta ƙarfe da ke ƙarshen lungun masu gyaran firji, ko da bai san sunan matar gidan ba. Da an sallame la'asar layi yake farawa daga bakin ƙofar, ya bi jikin bango, ya karya kwana har gaban shagon mai aski. Akwai 'yan Sudan, akwai Yamalawa, akwai Hausawan da suka zo umara suka manta hanyar filin jirgi, har da 'yan ƙasa masu fararen riguna da suke ajiye motocinsu can bakin titi su tako da ƙafa. Abin da suke jira leda ce ɗaure da farin ruwa mai sanyi a ciki, wato sobiya, abin shan buɗa-baki na mutanen Hijaz. Mai yin ta kuwa Khala Barakatu ce (Khala dai inna ke nan da Larabci), gajeriyar mace mai faɗin kafaɗa, wadda ba ta iya magana a hankali ba ko da a gidan rasuwa.

A wani ƙauye na bakin Kogin Nilu aka haife ta, can Sudan. Kakanninta sun baro ƙasar Hausa da niyyar hajji, guzuri ya ƙare a hanya, suka tsaya noman auduga na shekara ɗaya, shekarar ta zama sittin. Mahaifinta ne ya ƙarasa tafiyar, ya ƙetaro teku da ita tana 'yar shekara tara. Uwarta ta samu aikin wanki a gidan wata tsohuwa 'yar Makka da ke zaune a Jidda, kuma a bayan gidan nan ne yarinyar ta fara ganin yadda ake jiƙa sha'ir da busasshiyar gurasa. Tsohuwar ba ta koya wa kowa komai da baki. Sai dai ta buɗe murfin tukunya, ta danna kan Barakatu ciki, ta ce shaƙa. Gobe ma haka, jibi ma haka, har hancin yarinyar ya san bambancin jiƙon kwana ɗaya da na kwana biyu kamar yadda uwa take gane kukan ɗanta cikin na 'ya'yan maƙwabta.

Aikin a baki ba shi da wuya. A jiƙa, a dafa, a tace, a zuba sukari da kirfa da hel, wato ƙwayar ƙamshin nan ta gahawar Larabawa, a rufe a bari ya tsima. Wuyar tana wajen sanin lokacin buɗewa. In aka yi gaggawa, ruwan gurasa ne kawai mai zaƙi, babu wanda zai tako daga bakin titi saboda shi. In aka yi sake ta zarce, to ta fara zama abin da Musulmi ba ya sha, balle mai azumi. Tsakanin biyun nan 'yan sa'o'i ne, kuma zafin Jidda ba ya jiran kowa. Shekara arba'in Barakatu tana tsare wannan iyaka da hancinta kaɗai. Tana azumi ma ba ta buƙatar ɗanɗanawa. Ta ɗaga murfin ganga, ta ja numfashi, ta ce a tace, ko ta ce a bar ta zuwa azahar. Wadda ta kwana uku kuwa ko ɗigo ba ta sayarwa, makwarara take nufa da ita, ko ganga guda ce.

Tana nan da wannan baiwa sai Allah ya haɗa ta da mijin da bai yarda da sobiya ba. Idris direba ne a wani sito da ke Khumra, inda ake sauke kayan sha da suka zo ta jirgin ruwa, kuma a cikin kayan akwai wata bira ta Jamus mai koriyar kwalba. Kada wani ya zaro ido, birar Jidda ruwan sha'ir ce da ba ta bugarwa, a kowane kanti tana nan kusa da lemo. Duk katan ɗin da ya ɗan lotse ma'aikata ake sayar wa da araha, Idris kuwa bai taɓa barin ko ɗaya ya wuce shi ba. Tun shekarar aurensu ta uku aka raba firjin gidan biyu, sama nata, ƙasa nasa.

"Ummu Ikilima, duba nan," haka yake ce mata, da sunan 'yarsu tilo, yana juya kwalbar a gaban haske. "Ga ranar da aka yi ta, ga ranar da za ta mutu, shekara guda cur. Riyal biyar. Ta bana da ta bara ɗanɗanonsu ɗaya. Taki kuwa leda riyal goma sha biyar, kwana uku ta zama ta zubarwa. Wa ya fi wani hankali, ke ko Bajamushe?"

"Bajamushen ya san wanda zai sha?" in ji ta. "Ya san wanda ba ya son hel da yawa? Abin da zai yi shekara a kwalba bai motsa ba, Abu Ikilima, ai gawa ce aka yi wa wanka."

Shekara talatin ana wannan musu, babu wanda ya ja da baya ko taƙi ɗaya. Abin haushin shi ne, Idris ne mai ɗauko mata buhunan sha'ir a bayansa, shi ne mai sayo ƙanƙara, shi ne mai tsawata wa masu tsallake layi. Sannan in an kira magariba ya zauna a gabanta, ya ɓalle murfin kwalbarsa, ya kurɓa, ya yi ajiyar zuciya da ƙarfi don ta ji. Mutum ya yi maka wahala da rana ya ci maka fuska da yamma, ka rasa ta inda za ka fara yi masa faɗa.

Akwai wani ɗan ƙasa ma'aikacin banki, Thamer, wanda tun yana ƙarami mahaifinsa yake kawo shi layin. Shi ne ya taɓa zuwa mata da shawarar zamani. Ya ce a can arewacin gari akwai wuraren shan gahawa da suke neman irin wannan, abin hannu, na gida, a zuba a kwalba mai tambari a sayar riyal talatin da biyar, mutane su ɗauki hoto kafin su sha. Barakatu ta bari ya gama, sannan ta tambaye shi wa zai tsaya a wurin ranar kwana na uku ya zubar da wadda ta rage. Thamer ya ce za a rubuta rana a jikin kwalbar. Ta ce to ya je ya samu mijinta, ajinsu ɗaya. Ya yi dariya, ya karɓi ledarsa uku, bai sake tayar da zancen ba.

Shekarar da korona ta fara lafawa, lokacin da kowa ya saki jiki, ita kuma ta kama Barakatu. Ba ta yi mata da zafi ba. Zazzaɓi na kwana biyar, tari kaɗan, ta miƙe ta ci gaba da faɗa da kowa. Sai dai hancin bai tashi tare da ita ba. Ta shinshina kirfa ta ji kamar ta shinshina tafin hannunta. Ta tauna hel ta ji kamar kara. Likita ya ce yakan dawo. Ta jira wata biyu, ta jira biyar, bai dawo ba, kuma ba ta gaya wa kowa ba. Tsoro ta ji, irin wanda ba ta ji ba ko ranar da aka ɗora ta a jirgin ruwa tana yarinya.

Idris ya gano ne wata Juma'a da ya dawo daga masallaci. Tun daga bakin lungu ya jiyo ƙauri. Ya shigo da gudu ya tarar da shinkafa ta kama har tukunya ta yi baƙi, matarsa kuwa tana zaune ta juya wa murhun baya, tana tsince wake hankali kwance. Ya kashe gas ɗin, ya tsaya yana kallonta. Ita ma ta juyo ta ga hayaƙin, ta dube shi.

"Tun yaushe?" ya tambaya.

"Tun ciwon nan."

"Azumi saura wata ɗaya da kwana goma."

"Na iya ƙirga, Abu Ikilima."

Nan fa Idris, da zuciya ɗaya, ya yi kuskuren rayuwarsa. Ya ce mafi mushkila, wato babu matsala, tunda mutane sun saba da ƙofar, sai ya kawo mata katan-katan daga sito ta sayar da sanyi, ai ga rana a rubuce, babu ruwanta da hanci. Kwana biyu ba ta yi masa magana ba. Abinci ma ajiye masa take yi a ƙasan firji, kusa da kwalabensa.

A kwana biyun nan ta yi lissafin mutanenta. Ikilima tana aure a Sharafiyya, amma cikin wata huɗu gare ta, ko warin jiƙaƙƙen sha'ir ta ji sai ta yi amai. Maƙwabta kuwa, ka gaya wa ɗaya da safe, kafin azahar mai aski ya sani. Ta juya ta juya, ta ga mutum ɗaya ne ya rage a duniya da zai iya tsaya mata, kuma shi ne wanda shekara talatin bai kai sobiyarta bakinsa ba.

"Za ka zama hancina," ta ce masa a rana ta uku, ba sallama ba komai. "Amma hancinka hayaƙin mota ya cinye shi, don haka da harshe za ka yi. Kuma daga yau babu kwalba har salla. Sai an wanke bakin nan."

"Har salla? Ya Hajiya, wannan ai azumi biyu ne."

"Halas, na gama magana."

Haka makaranta ta buɗe a watan Sha'aban. Kowace safiya kafin ya tafi Khumra ta jera masa kofi huɗu, jiƙon kwana ɗaya, na biyu, na uku, da na huɗu wanda ta ce a taɓa da bakin harshe a tofar. Ba ta iya gwada masa da nata bakin, sai dai ta faɗa masa abin da take tunawa, shi kuma ya nemo shi. Da farko duk ɗaya yake jin su, ruwan gurasa. Ta kira shi sunaye iri-iri. A mako na biyu ya ajiye kofi na uku ya ce wannan yana ɗan cizo a gefen harshe. Ya taɓa na huɗu ya yamutsa fuska ya ce wannan kamar ka lashi kan batir. Barakatu ba ta taɓa lasar batir ba, amma ta san ya kama hanya, har ta ƙara masa nama a miya ranar.

Sai wata matsalar ta taso. Ana tacewa ne da rana, da rana kuwa Idris zai kasance da azumi a bakinsa. Ya je ya samu limamin unguwa, ya yi ta kewaye-kewaye wai wani abokinsa ne ke da tambaya. Liman ya ce mai girki yana iya taɓawa da bakin harshe in akwai buƙata, ya tofar, ya kurkure, kada ya haɗiye ko kaɗan. Sannan ya ce ya gaishe da abokin, ya kuma ce wa matar abokin ta ajiye masa leda biyu kamar kullum.

Azumi ya kama, aiki ya tafi daidai. Idris ya roƙi a mayar da shi fitar safe, yana dawowa da azahar ya wanke hannu ya tsaya a ɗakin ajiya da cokali. Ita ta ɗaga murfi, ta dubi kumfa, ta ƙirga kwanaki, shi ya taɓa ya tofar ya yanke hukunci. Ba wanda ya lura da komai. Thamer ma cewa ya yi ta bana ta fi ta bara, maganar da Barakatu ba ta ji daɗinta ba sam.

Ranar ashirin da uku ga wata, na'urar sanyaya ɗakin ajiya ta tsaya da safe, ba ta sani ba sai wajen ƙarfe goma sha ɗaya. Ta sa aka gyara, ɗakin ya sake yin sanyi, ta ce Allah ya rufa asiri. Jiƙon kwana biyu ne a babbar ganga, bisa ƙirga yana da sauran rana guda cur kafin ya wuce. Idris ya makara a hanya, bai iso ba sai da aka yi la'asar, layi ya riga ya kai shagon mai aski. Ya sa cokali, ya taɓa, ya tofar. Ya kurkure baki ya sake taɓawa.

"Ta wuce," ya ce.

"Kwana biyu ne."

"Na sani. Ta wuce."

"Dubi kumfar, Abu Ikilima. Haka kumfar kwana biyu take. Shekara arba'in ina ganin kumfa."

"Ni ban san kumfa ba. Batir na ji."

Ta dube shi da kyau. A bayansa, jikin bango, ga katan biyu na kwalaben Jamus da ya tara yana jiran ranar salla. Zuciyarta ta raya mata abin da za ta raya wa kowa: mutumin nan ya daɗe yana so ya ga kwalbarsa a hannun mutanenta, yau ga dama ta samu. Ko kuma bai yi da gangan ba, harshen wata biyu ne, ƙishirwa ta ruɗe shi. Ta sunkuya ta cusa kanta cikin gangar kamar yadda tsohuwar nan take danna ta, ta ja numfashi har ƙirjinta ya yi zafi. Babu komai. A waje mutum kusan hamsin ne suka wuni ba ci ba sha, kuma duk abin da ta ɗaure musu a leda da shi za su buɗe baki, ba tare da sun tambaya ba, saboda daga hannunta ya fito.

"Kama can," ta ce.

Su biyu suka ja gangar zuwa tsakar gida, suka kifa ta a makwarara. Ta tsaya har ɗigon ƙarshe ya wuce, tana share ido da gefen mayafi, tana cewa zafi ne. Daga nan ta gyara lulluɓi ta buɗe shuɗiyar ƙofar da kanta, ta yi magana da muryar nan da ake ji har bakin titi, da Larabci sannan da Hausa.

"Yau babu sobiya, ta wuce, na zubar. Kuma ku ji da kyau, don kada wani ya ji a bakin mai aski. Hancina ya mutu tun bara. Duk wadda kuka sha a watan nan, wannan bawan Allah ne ya ɗanɗana ya ce ta yi. Wanda bai yarda da shi ba ya nemi wata ƙofar, ba zan ji haushi ba."

Ta juya ta ce wa Idris ya fito da katan-katan ɗin, a ba kowa kwalba ɗaya kyauta, kada mutane su tafi hannu wofi. Ya buɗe baki zai ce wani abu game da ranar salla, ya dubi fuskarta, ya je ya ɗauko. Shi da kansa ya bi layi yana miƙa wa kowa, kamar mai raba 'ya'yansa.

Thamer ya karɓi tasa, ya juya ta, ya karanta bayanta. Ya dubi Idris.

"Ya Ammi, kai ka ce ta wuce?"

"Ni ne."

"Ita kuma ta zubar da ganga guda a kan maganarka?"

"Ga makwararar can, je ka gani."

"Tayyib, shi ke nan," in ji Thamer. Ya juya wajen ƙofar. "Ya Khala, ta gaba yaushe?"

"Jibi, in Allah ya so."

"A ajiye mini uku."

Na bayansa ya ce biyu, wata mata ta ce huɗu, wani ɗan Kano ya tambaya ko kwalbar kyautar za a ci gaba da bayarwa, aka yi dariya aka watse. Mutum biyu ko uku sun tafi ba su ce komai ba, kuma ba su sake dawowa ba, ta lura da su sarai.

Da aka kira magariba suka zauna su biyu a tabarma, dabino da ruwa da miyar shurba a gabansu. Babu sobiya, babu kwalba, don ko ɗaya ba ta rage ba. Barakatu ta ci dabino uku da ba ta jin zaƙinsu. Ta daɗe tana juya kofin ruwa a hannunta.

"Abu Ikilima, ta jiya fa? Wadda ta yi daidai. Yaya take?"

"Ai na ce miki ta yi."

"Ba hukunci nake tambaya ba. Faɗa mini yadda take. Na fara mantawa."

Idris ya ajiye cokali.

"Da farko sanyi ne kawai," ya ce. "Sai zaƙi ya biyo, amma ba ya zama, yana wucewa. Sai ki ji gurasar, kamar in kin wuce ƙofar mai burodi da asuba. Kirfa tana can baya, sai kin yi numfashi take fitowa. Hel ɗin jiya ya ɗan yi yawa, kaɗan dai. A ƙarshe akwai ɗan tsamin nan da yake tsayawa a gefen harshe, ba ya cizo, taɓawa kawai yake yi. Shi ne yake sa mutum ya so ya ƙara. Wallahi kowace rana tofarwar ce take yi mini wuya."

Ta rufe ido tana saurare, leɓenta yana ɗan motsi. Da ya gama ba ta buɗe ba.

"Ta Jamus ɗin fa?"

"Ita ba ni da abin da zan faɗa miki a kanta. Yadda take jiya haka take yau."

"To sake faɗa mini tawa," in ji Barakatu. "A hankali. Fara daga sanyin."